Buri Ɗaya Tak: Koren Dodon Japan da Samarin Zangonmu

Ina gaida mutanen Adidogome, da na Agoe-Zango a nan Lome, da 'yan'uwa na tsallaken iyaka a Aflawo, da duk wanda muryata ta iske, ko a shago yake, ko a kan zemijan, wato babur ɗin haya, ko a bakin murhu.

Sharhinmu na yau a kan wasan yara ne, amma da manya nake magana. Iyaye da yawa suna kukan cewa zanen Japan, wanda ake kira anime, ya ɗauke musu hankalin 'ya'ya. A aiki yaro kasuwar Asiyeye sayen tattasai, sai a tsince shi a ƙofar shagon aski, cefanen na rataye a hannunsa, baki buɗe, ido a kan tele. Wanzamin ma ya tsayar da injin a tsakiyar kan mutum, shi kuma mai kan bai yi ƙorafi ba, don ta madubi yake kallon nasa. Abin da ya tsayar da su duka, sama ce ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka a cikin akwatin, wani koren dodo mai jajayen idanu ya miƙe har gajimare, ya ce wa mutanen da suka kira shi su faɗi burinsu, guda ɗaya, zai cika musu.

Sunan wasan Dragon Ball, sunan dodon Shenron. Wani mai zane ɗan Japan, Akira Toriyama, shi ya ƙaga labarin. Ya fara fitowa mako-mako a mujallar Shonen Jump a 1984, ya ƙare a 1995, aka tara shi littafi 42. A 1986 kamfanin Toei ya mai da shi wasan tele. Faransa ta ɗauka a 1988 cikin shirin yara na Club Dorothée, kuma ta wannan ƙofa ta Faransanci ya shigo ƙasashenmu. Shi ya sa yaran Lome ke kiran jarumin labarin Sangoku, ba Goku ba. An sayar da littattafan sama da miliyan 260 a duniya. Da Toriyama ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68, har shugaban Faransa Emmanuel Macron sai da ya yi ta'aziyya. A watan nan dai Saudiyya ta ba da sanarwar za ta gina filin shaƙatawa na Dragon Ball a Kiddiya, kusa da Riyad. To abin da ya kai nan, ai ya wuce a ce shirmen yara ne a kau da kai.

Ƙa'idar labarin mai sauƙi ce. Akwai ƙwallaye bakwai masu ruwan lemo, warwatse a faɗin duniya, kowace da jajayen taurari a cikinta, daga ɗaya zuwa bakwai. Wanda ya haɗa su wuri guda, dodo zai fito ya biya masa buƙata ɗaya. Da ya gama, ƙwallayen su tarwatse, su koma duwatsu na tsawon shekara guda. Ke nan kafin ka sami bakin magana na daƙiƙa kaɗan, sai ka sha duwatsu da hamada da teku, ka kara da wasu masu neman abin da kake nema.

Kafin mu shiga batun burin, bari mu dubi dodon kansa, don ba irin namu ba ne. Mu abin da muka gada, babban maciji tare hanya yake yi. Kowa ya san labarin macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, wadda ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare mata kai. Tsofaffi kuma suna kiran bakan gizo masha-ruwa, wai shi ke shanye hadari ya hana damina sauka. Turawa ma nasu dodon mai fukafuki ne, mai aman wuta, yana kwance a kan tarin zinariya sai jarumi ya kashe shi. Amma a Sin da Japan abin ya sha bamban. Dodonsu na ruwa ne da ruwan sama, alamar albarka da mulki. Sarakunan Sin na dā suna sa tufa mai hotonsa da farce biyar, wanda talaka bai isa ya sa ba. A zane-zanensu sau da yawa za ka gan shi yana bin wani lu'ulu'u mai walƙiya. Toriyama ya ɗebo wasu kayan aikinsa daga wani tsohon littafin Sin na ƙarni na 16, labarin tafiya zuwa yamma, mai ɗauke da Sarkin Birai Sun Wukong, wanda ya karɓo sandarsa daga fadar Sarkin Dodanni na Tekun Gabas. Shi ya sa Sangoku yake da wutsiyar biri da sanda mai tsawaita. Haka nan a fim ɗin Hayao Miyazaki na 2001, wanda ya ci kyautar Oscar a 2003, farin dodon da ya taimaki yarinyar nan Chihiro ruhin wani kogi ne da aka cike aka yi gine-gine a kansa. Mu da ke zaune a wannan gaɓa ba baƙon abu ba ne a wurinmu: maƙwabtanmu a Wida ta ƙasar Benin suna da ɗakin da suke girmama mesa har yau.

To, yanzu ga inda nake so mu zauna sosai. Wa ya roƙi me, kuma ya ƙare da me?

Karon farko da aka kira dodon, wani ɗan ƙaramin azzalumi mai suna Pilaf ne ya ƙwace ƙwallayen, burinsa ya mulki duniya. Ya tsaya gaban dodo yana gyaran murya, sai wani alade mai magana, Ulong, ya riga shi buɗe baki, ya roƙi ɗan kamfai. Kamfan ya faɗo daga sama, dodo ya yi sallama, ƙwallaye suka watse. Wahalar watanni ta ƙare a tsumma. Yara dariya suke yi a nan, amma mai zanen da gangan ya yi: tun daga farko ya nuna cewa ranar biyan buƙata ba ita ce zuciyar labarin ba.

A wannan tafiya akwai budurwa Bulma, wadda ta ƙera na'urar gano ƙwallayen, burinta ta sami saurayi. Akwai kuma ɗan fashin hamada Yamca, burinsa a cire masa tsoron mata. Ba wanda ya sami magana da dodo a cikinsu. Sai da komai ya lafa suka dubi juna, suka ga abin da kowannensu ke nema tun tuni yana tafe a gefensa.

Sai rundunar Jan Ƙyalle, mai jirage da tankoki da dubban sojoji. Sun ƙona ƙauyuka, sun kashe bayin Allah, duk a neman ƙwallaye, sojoji na zaton shugabansu mulkin duniya zai roƙa. Ashe kwamandan gajere ne, abin da yake so kawai a ƙara masa tsawo. Da mataimakinsa ya ji haka, nan take ya harbe shi. Jama'a, ku tsaya a kan wannan. Mutum nawa ne ke jan jama'a a baya da manyan kalmomi, alhali abin da ke cin ransa wani ɗan ƙaramin ciwo ne na kansa?

Sai Pikolo babba, tsohon mugu, wanda ya roƙi a mai da masa ƙuruciyarsa. Ya samu, ya juya ya kashe dodon don kada wani ya amfana bayansa. Bai daɗe ba shi ma ya faɗi. Sai Friza, mai cinikin duniyoyi, wanda ya hallaka al'ummar wata duniya a neman rai madawwami. Da dama ta zo, ya yi ihun burinsa, dodon can bai ko kula shi ba, don ba ya karɓar roƙo sai da harshen mutanen da Friza ya gama karkashewa.

Shi kuwa Sangoku fa? Ƙwallo ɗaya ce ta dame shi, mai taurari huɗu, don ita kakansa ya bar masa. Karon farko da ya haɗa bakwai ɗin da guminsa, bai roƙa wa kansa komai ba. Wani yaro ne, Upa, aka kashe mahaifinsa a gabansa, sai aka yi amfani da damar aka dawo masa da uban. Kuma ga abin da nake so samarinmu su ji da kunnen basira. Sangoku ba abin da yake so a duniya irin ƙarfi, amma ko sau ɗaya bai taɓa roƙon dodo ya ba shi ƙarfi ba. Wurin tsohon malaminsa ya tafi, wanda yaranmu suka sani da Tortue Géniale. Tsohon ya sa shi rabon madara gida-gida da gudu tun asuba, da noma da hannu ba fartanya, da aikin gini, duk da ƙoƙon kunkuru mai nauyi a goye a baya, sannan da hantsi a zauna a yi karatu. Abin da ake iya samu da gumi, bai kai shi gaban dodo ba.

In ka tattara waɗannan, za ka ga buri ɗaya ba ya gyara mutum, tona shi yake yi. Da an ce roƙi goma, kowa zai iya ɓuya: ɗaya na iyaye, ɗaya na masallaci, takwas na aljihu. Amma da an ce ɗaya, ba sauran wurin ɓuya. Abin da ya fito bakinka, shi ne kai.

Sannan dodon ma yana da iyaka. Ba ya iya abin da ya fi ƙarfin wanda ya yi shi. Lokacin da wasu mayaƙa biyu suka tunkaro duniya, an tambaye shi ko zai gama da su, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ba ya tayar da wanda ya yi mutuwar ajali ta tsufa ko ciwo, ba ya tayar da mutum ɗaya sau biyu. A ci gaban wasan da aka yi a 1996 zuwa 1997, mai suna GT, an ma nuna cewa yawan roƙon ya tara dauɗa a cikin ƙwallayen har suka tsage, miyagun dodanni bakwai suka fito. A ƙarshe Shenron ya kwashe kayansa ya tafi, don mutane sun mai da shi madogara.

Yanzu mu sauko gida. Mu ma a Lome muna da namu ƙwallayen, kuma ba yara ke nemansu ba. Shekara da shekaru, da watan Oktoba ya kama, sai shagunan intanet su cika da masu buga cacar bizar Amurka, wadda kowa ke kira loto biza. An rataya farin ƙyalle a bango, ana zaunar da mutum a kan kujerar roba, ana ce masa cire hula, ɗago haɓa, kada ka yi murmushi. Mai kwamfuta na tambayar ranar haihuwa, saurayi na laluben takarda a cikin leda. A ba shi 'yar lamba, ya naɗe ta ya kai ƙarƙashin akwati, sai watan Mayu. Wannan tsari ya samo asali ne daga dokar shige da fice ta Amurka ta 1990, kuma biza kusan 55,000 ake warewa a shekara ga duniya baki ɗaya, masu nema kuwa miliyoyi. Abin ya yi ƙarfi a nan har wani malamin jami'ar Duke, Charles Piot, ya rubuta littafi sukutum a 2019 a kan yadda ake buga ta a Lome: masu haɗa takardu, da auren takarda da ake ƙullawa don wani ya biya kuɗi a tafi da shi, da haddar amsoshin da za a bayar a ofishin jakadanci.

Ba ina cewa neman fita laifi ba ne. Mu jikokin fatake ne. Tafiya ce ta kawo kakanninmu nan, daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta hanyar goro da shanu. Akwai waɗanda suka ci cacar nan suka tafi, suka yi wa iyaye gini, suka kai su Makka, Allah ya ƙara musu buɗi. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, ko sunanka ya fito, ba a ba ka biza sai kana da shaidar gama sakandare, ko shekara biyu a wata sana'a da suka yarda da ita. Wato ko a wurin sa'a, sai an tambaye ka me ka yi da shekarunka. Na biyu, wannan dodo ma yana da mai shi. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Togo cikin ƙasashe bakwai da ta taƙaita wa shiga ƙasarta. Sa hannu ɗaya a Washinton, ƙwallayen dubban samari suka koma duwatsu. Wanda ya yi shekarun nan yana buga caca yana kuma koyon walda ko ɗinki ko gyaran waya, bai yi asarar komai ba. Wanda ya jingine rayuwarsa yana cewa sai na tafi zan fara, shi ne abin tausayi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ƙanwar wannan ita ce cacar ƙwallon ƙafa da ta shiga wayoyin samari. Ɗan zemijan ya wuni a rana a kan hanyar Kpalime, ya tara jaka uku, ya zuba ɗaya a kan wasanni goma sha biyu, yana jiran dukansu su faɗa yadda ya ce. Sha ɗaya su ci, ɗaya ta ɓare, ya kwana yana cewa saura ƙiris. Wannan saura ƙiris ɗin shi ne jarin masu cacar. Addini ya haramta, lissafi ma ya haramta. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da zai sauka.

Dattawan Zango kuwa sun san wata hanya. A 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa bayan gari ta arewa. Da a ranar za a ba kowannensu buri ɗaya, da cewa zai yi a bar mu inda muke. Ba a ba su ba. Da adashi, da amanar maigida da yaransa, da tallan mata, aka sake kafa gidaje da masallatai da makarantun allo, har zuriyarsu ta bazu unguwa-unguwa, ciki har da nan Adidogome. Ba dare ɗaya aka yi ba, kuma ba wanda ya faɗo da shi daga sama.

Na san wani malami na saurare yana cewa, yanzu dodon ƙarya ne zai koya mana tarbiyya? Allah gafarta malam, a'a. Tatsuniya ce, ba ta wuce matsayin Gizo da Ƙoƙi ba, kuma wajibi ne a gaya wa yaro ƙarara cewa ba mai biyan buƙata sai Allah, ba mai rayar da matacce sai Shi. A cikin wasan akwai duke-duke, akwai wuraren rashin kunya da bai kamata ƙaramin yaro ya gani shi kaɗai ba. Amma tambayar da wasan ya ɗauko, mu muka fi kowa amsarta, kuma tamu gaskiya ce, ba ƙage ba.

Ya zo a Sahihu Muslim cewa wani sahabi matalauci, Rabi'atu ɗan Ka'abu Al'aslami, yana kwana kusa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana kawo masa ruwan alwala. Wata rana Annabi ya ba shi dama ya roƙi abin da yake so. Bai ambaci raƙuma ba, bai ambaci gona ba. Ya nemi zama tare da shi a Aljanna. Aka tambaye shi ko akwai wani abin, ya tsaya a kan wannan. Sai aka umarce shi ya taimaka a kan buƙatar tasa da yawan sujada. Ku duba fa, an buɗe masa ƙofa, amma an haɗa shi da aiki. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa kowane annabi yana da addu'a guda karɓaɓɓiya, Annabinmu kuwa ya ajiye tasa don ceton al'ummarsa ranar alƙiyama. Dama ɗaya, aka ajiye ta domin wasu. Ana kuma jingina wa Fulailu ɗan Iyalu cewa da yana da addu'a ɗaya da ya tabbata za a karɓa, shugaba zai yi wa ita, don gyaruwar shugaba gyaruwar ƙasa da bayi ce. Magabata sun auna, sun ga buri mafi riba shi ne wanda amfaninsa ya wuce kan mai roƙo.

Saboda haka, iyaye, fizge waya da kashe tele ba su isa ba, yaro zai je maƙwabta ya gani. Ku zauna da shi ko sau ɗaya ku kalla tare. In dodon ya fito, ku tambaye shi, kai da kai ne me za ka roƙa? Ku yi shiru ku ji, kada ku yi masa dariya, kada ku yi masa tsawa. Wanda ya ce mota, kun san inda hankalinsa yake. Wadda ta ce a warkar da kakarta, kun san abin da ke hana ta barci. Wanda ya ce a fitar da shi daga ƙasar nan, to akwai zance, gara ku ji shi yau da ku ji shi daga Agadas. Daga nan sai ku bi da tambaya ta biyu: a cikin abin nan da kake so, wane yanki ne hannunka zai iya farawa gobe da safe?

Ku kuma samari, ba na hana ku buri. Ku yi shi babba, Allah ba ya gajiya da bayarwa. Amma ku raba buƙatunku gida biyu. Abin da yake na gumi, ku ba shi gumi: ga makarantar koyon sana'a nan a Adidogome, ga gareji, ga shagon tela, ga kasuwa. Kuɗin da za a zuba a caca, a zuba shi a adashi. Abin da ya fi ƙarfin gumi kuwa, ku kai shi inda ake kai shi, a kan sallaya, ba sau ɗaya a shekara ba, sau biyar a yini, ba layi, ba ɗan tsakiya, ba kuɗin takarda. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Masu ƙananan sana'o'i da ke da wurin ɗaukar almajiri, ina roƙonku ku buɗe ƙofa, ku sassauta kuɗin shiga. Shugabannin matasa da limaman unguwa, a sa batun cacar waya cikin huɗuba da zaman majalisa, a kira abin da sunansa.

A nan zan dasa aya. Wanda yake da ra'ayi, ko ya yarda da ni ko bai yarda ba, ƙofar shirin a buɗe take. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa wa nema albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.